Wanda Aka Iske Zaune a Teburin Anuhu

Duk wanda ya bi ta layin ƴan hatsi na Sabon Gari da safe, a nan Maraɗi, zai ga wani tebur a gindin bedi, itacen dogon yaro: shimfiɗar leda shuɗiya, benci biyu, tukunyar ruwan zafi a kan murhun gawayi, da burodi tsaye cikin kwando an rufe shi da tsumma. Mai teburin sunansa Anuhu. Dogo ne, da tsagen Gobirawa a kumatu, kuma in yana tafiya yakan ɗan karkace hagu. Kafe yake sayarwa, wato gahawar gwangwani. Da can ana cewa duk unguwar babu mai bugun kafe irin nasa, domin yakan ɗaga kofi ɗaya har saitin kunnensa ya tsiyayo cikin ɗayan, ya mayar, ya sake, har kumfa ta taso ta tsaya a baki ba ta zube ba. Har yanzu yana bugawa, amma hannun ba ya tashi sama kamar da.

A Tibiri aka haife shi, a gidan Kirista. Mahaifinsa manomi ne kuma dattijon majami'a, mutum mai tsanani a kan abu ɗaya: ba a ƙarya a gidansa, ba a kuma rantsuwa. Anuhu ya yi lakwal, wato makarantar boko, kaɗan ya bari, ya kama noma. Wata shekara da hatsi bai yi ba ya shigo Maraɗi cin rani, ya samu aikin dako a mangaza, wato siton hatsi, ta Alhaji Idirisa, wanda ke sayen wake da aya yana turawa Jibiya da Katsina. Ya yi shekaru yana ɗaukar buhu. Wata rana ana lodin kamyo, babbar motar kaya, ƙafarsa ta zame daga kan katako, buhu ya biyo shi, bayansa ya taɓu. Karkacewar nan daga ranar ta samo asali.

Da ya tashi daga jinya, ko rabin buhu ba ya iya ɗagawa. Ya zo yi wa Alhaji sallama zai koma gida. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Bagobiri, in ka koma Tibiri me za ka noma da wannan baya? Tsaya tukuna." Ya nuna masa gindin bedin da ke gaban mangazar, ya sa kafinta ya haɗa tebur da benci, ya aika aka sayo tukunya da kofuna da gwangwanin kafe na farko. Bai tsaya jiran godiya ba. Cewa kawai ya yi, "Gobe da safe ina son in iske ruwa ya tafasa."

Haka teburin ya kafu. A kansa Anuhu ya auri Ruhama, ita ma ƴar Tibiri, a kansa ya kama haya, a kansa ya sa ƴarsa Susana da ƙannenta lakwal. Ranar Lahadi ba ya fitowa, da azumi kuma yakan kife bencin ya tafi gona. Masu zama wurinsa sukan tsokane shi cewa duk Maraɗi shi kaɗai ke cin hutun addini biyu.

Teburin yana da al'ada wadda ba Anuhu ya kafa ta ba, amma kowa ya san ta: wanda aka iske zaune shi ke biya. In kana kan benci da kofinka, wani da ka sani ya yi sallama, ba ka barinsa ya sa hannu a aljihu. Kai za ka ɗaga kai ka ce, "Anuhu, a buga masa." Shi kuma ba ya gardama, sai ya yi godiya ya zauna, don ya san gobe ko jibi shi za a iske. A sauran tebura abin zagayawa yake yi. A na Anuhu kuwa ba ya cika zagayawa, saboda Alhaji Idirisa. Daga sallar asuba ba ya komawa gida. Nan yake zuwa ya zauna a ƙarshen benci, ya jingina da itacen, ya buɗe rediyo, don haka kusan kullum shi ake iskewa. Kuma yana son abin, ba ya ɓoyewa. Shamsu ɗan kabu-kabu ya taɓa cewa zai kwana a kan bencin don ya riga shi.

"Kwana mana," in ji Alhaji. "In na zo sai in ce tashi ka gaishe ni. Kana miƙewa in zauna, ka ga ka iske ni."

Da damina ta shekarar 2023 aka rufe iyaka, aka yanke kuran, wato wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya. Naira kuma ta yi ta faɗuwa, har masu zuwa daga can sayen wake suka ga kayan sefa sun fi ƙarfinsu. Ko da aka buɗe hanya daga baya, kasuwar ba ta dawo hayyacinta ba.

Kafe ba a ƙasar nan ake noma shi ba, daga bakin teku yake zuwa. Da hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka riƙa zagayowa ta Lome, suna daɗewa a hanya. Mai shagon da Anuhu ke sari a babbar kasuwa ya daina kawo babban gwangwani, sai ƙananan ledoji, kuma kowane zuwa da sabon farashi. Madarar gwangwani ta tashi, sukari ya tashi, burodi ya ƙanƙance har ana iya rufe shi da tafin hannu biyu.

Abin ya sauka a kan tebur bi da bi. Da farko ƙwai aka bari, sannan mayonez. Daga nan aka fara cewa a buga baƙi, ba madara, wai likita ya hana. Anuhu bai taɓa ganin shekarar da likita ya hana mutane madara da yawa haka ba. Teburin bakin tasha ya tashi. Na bayan masallaci ya tashi, mai shi ya koma sayar da asansi, man moto, a kwalba.

Amma abin da ya kashe benci ba tsadar kofi ɗaya ba ce. Mutum yana iya kuɗin kofinsa. Abin da ba ya iyawa shi ne na wanda zai iske shi. Sai aka koma sha a tsaye, tunda na tsaye ba a ce an iske shi zaune ba. Wani ya zo ya leƙo daga kwana, in ya hango sananne a benci sai ya wuce kamar mai sauri, don kada ya ɗora masa nauyi. Na zaunen kuma yana kurɓa yana ƙona harshe yana waige. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna hira kafaɗa da kafaɗa suka koma ɓuya wa juna, kowa don ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Mangazar Alhaji Idirisa ta zama wayam. Ya sallami ƴan dako, sikeli ya yi tsatsa a bakin ƙofa. Duk da haka bai fasa zuwa bayan asuba ba, da babbar rigarsa wankakkiya, gogaggiya. Yakan zauna a wurinsa, ya sha baƙi, kunnensa na kan hanya. Da ya ji ƙarar moto za ta shigo layin, sai ya zaro waya ya kara a kunne ya miƙe, ya nufi ƙofar mangaza yana maganar buhuna da farashi. Anuhu yana wanke kofuna yana ganin fuskar wayar baƙa ƙirin, ba kowa a kan layi. Sai ya sunkuyar da kai cikin bahon wanki kamar shi aka kama.

Wata safiya Shamsu ya kashe motonsa tun daga kwana don tsimin asansi, ya gangaro shiru, sai ganinsa aka yi ya sa ƙafa a gaban tebur.

"Salamu alaikum! Yau dai na kama ka, Alhaji. Kwana biyu sai ƙamshin turarenka muke iskewa a benci."

Alhaji ya amsa sallama, ya ɗaga kai zai faɗi abin da ya saba faɗi. Hannunsa ya shiga aljihu, ya tsaya a can bai fito ba. Anuhu ya ga hannun. Bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa, sai ya ji bakinsa ya ce:

"Zauna, Shamsu. Alhaji ya riga ya biya."

Alhaji ya dube shi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya zare hannun a hankali, ya ɗauki tasbaha.

"Allah ya ƙara buɗi, Alhaji!" in ji Shamsu. "Anuhu, tunda haka ne a sa madara. Likitan nawa ya yi tafiya."

Bakin ɗan kabu-kabu yana zuwa duk inda motonsa ta je. Kafin mako ya zagayo, an ji a tasha da bakin kasuwa cewa a teburin Anuhu har yanzu Alhaji Idirisa na nan yadda aka san shi. Mushe Kalibu, tsohon malamin lakwal da ke majami'a ɗaya da Anuhu, ya dawo da jaridarsa. Telan layin ya dawo, yana jiran kuran a nan maimakon shago. Tsofaffin ƴan dako suka dawo. Kowa ya yi sallama, Anuhu ya ce, "Alhaji ya biya," kowa ya juya ya yi wa Alhaji addu'a. Alhaji ya daina tashi da waya. Yana zaune a wurinsa, yana amsa amin, amma ƙasa yake kallo, kuma kofinsa yakan huce a gabansa bai sha rabi ba. Tsakaninsa da Anuhu ba a taɓa ɗaga maganar ba.

Tebur ba ya ɗaukar irin wannan nauyi shi kaɗai. Anuhu ya je Tibiri ya taɓa rumbu. Daga baya ya sake zuwa, ya dawo ba tare da ya ce wa Ruhama komai ba, sai a bakin ƙanwarta ta ji cewa an kai akuya kasuwa. Ranar ta bari ya ci tuwon rana, ya wanke hannu, sannan ta zauna a bakin tabarma.

"Baban Susana, wai shi ya roƙe ka?"

"Alhaji ne zai roƙe ni? Ke kin san ko wane ne Alhaji a wurina."

"Na sani. Tambayarka na yi ko ya roƙe ka."

"Bai roƙa ba."

"To ka tambaye shi ko yana so?"

Anuhu ya ci gaba da goge hannunsa.

"Akuya ba ta dame ni ba," in ji ta, "wata za ta haifi wata. Da gidansa ka kai hatsin nan a rufe, ni zan riƙa maka buhu. Amma sunansa kake ɗiba kana zuba wa mutane a kofi. Kuma da Baba yana raye, da wane suna zai kira abin da kake faɗi kowace safiya?"

Ya san sunan. Ya tashi ya fita.

Akwai kuma abin da bai iya gaya mata ba, don shi kansa bai so ya dube shi. Yana jin daɗin abin. Yana jin daɗin ganin bencinsa cike alhali na wasu a kife. Kuma can ƙasan zuciyarsa akwai wani daɗi da ya fi wannan muni: wanda ya taɓa ɗaukar buhu a bayansa a wannan ƙofa, yau shi ke ɗauke da mai ƙofar, kuma mai ƙofar ya sani. Duk lokacin da ya ce "Alhaji ya biya," hannunsa yakan tashi sama da kofi fiye da kullum.

Haka aka tafi har bayan girbi.

Wata safiya benci biyu cike, Shamsu yana ba da labarin yadda wani fasinja ya biya shi da kan kabeji, ana ta dariya, sai dariyar ta yanke daga gefe guda. Wata mace ce ta nufo teburin, dattijuwa, da mayafi har ƙasa, riƙe da langar abinci. Mata ba sa zuwa wannan tebur. In suna so, aike suke yi. Anuhu ya gane ta tun daga nesa: Hajiya Tsahara ce, matar Alhaji, wadda ta sha aiko masa da kunu lokacin jinyar bayansa.

Ta durƙusa kaɗan ta gaishe da mazan, suka amsa a daburce. Ba ta dubi mijinta ba. Ta buɗe langar ta ajiye a kan ledar tebur, tsakanin sukari da kwandon burodi. Babu komai a ciki.

"Mai kafe, a zuba mini nawa."

"Hajiya," in ji Anuhu, "lafiya?"

"Lafiya lau. Jiya na je suna, mata suka tare ni da barka. Wai na yi dace, duk garin nan an durƙushe amma maigidana yana shayar da layi guda kowace safiya, har da madara. Na ce Allah sarki, ni ban sani ba. Ni dai na san kwanukana na aure sun tafi kasuwa, atamfofina sun bi su, kuma da awarar da nake toyawa ake ɗora tukunya a gidan. To tunda rabo ake yi, na zo da langata."

Mushe Kalibu ya naɗe jaridarsa. "Hajiya, wannan magana ta cikin gida ce, a yi haƙuri..."

"Mushe, a cikin gida na fara yin ta. Bai ce mini komai ba. Sai tasbaha." Sai a lokacin ta juya wajen mijinta. "Alhaji, ban taɓa ɗaga maka murya ba, ka sani. In babu, mu ci babu tare. Amma a ce akwai na mutanen waje?"

Alhaji Idirisa bai ɗago ba. Tasbahar ta tsaya cik a hannunsa.

Ta koma kan Anuhu. "Kai ne ba ka ƙarya, duk layin nan an shaide ka. Don Allah faɗa mini: shi ke biya?"

Anuhu yana riƙe da kofi a kowane hannu. Ya ga hanya biyu ne, kuma kowace ta bi ta kan Alhaji. In ya ce e, matar nan za ta koma gida da tabbacin cewa mijinta ya bar ta da yunwa don a yabe shi a titi, kuma wannan ba abin da zai goge ba ne. In ya ce a'a, ya tuɓe wa mutumin riga a gaban ƴan dakonsa na da. Ya dubi Alhaji ko zai ba shi wata alama. Ba abin da ya gani sai saman hula.

Ya ajiye kofunan.

"Hajiya, bai biya ba. Tun damina ko sau ɗaya bai biya wa kowa ba, sai nasa kofin. Ni ke faɗi. Bai sa ni ba."

Ruwa na tafasa a tukunya, murfin na kaɗawa. Shamsu ya dubi kofin da ke hannunsa, fari tas da madara, ya ajiye shi a ƙasa kusa da ƙafarsa kamar mai tsoron kada ya yi ƙara.

"To wa ke biya?" in ji tela, da ƙaramar murya. Kowa ya gane.

Hajiya Tsahara ta kai gefen mayafi ta rufe baki. Ta zo da faɗa, ta samu abin da ya fi faɗan nauyi, kuma ita ta tono shi da hannunta a gaban jama'a. Ta miƙa hannu za ta ɗauki langar. Alhaji ya riga ta. Ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya rufe langar da murfinta, ya riƙe ta a hannunsa.

"Mu je gida," ya ce mata.

Ya bi ta tsakiyar layin ƴan hatsi da babbar riga da langar mata a hannu, ita tana biye da shi. Rediyonsa ya bari a kan benci yana ta magana.

Bencin ya watse ba sallama. Kwanakin da suka biyo baya mutane suka koma wucewa ta ɗaya layin. Wanda ya zo, a tsaye yake sha, ya ajiye kuɗinsa a gefen leda ba tare da ya haɗa ido da Anuhu ba. Ba fushi suke yi da shi ba, da fushi ne da ya fi sauƙi. Kowannensu ya tuna yawan madarar da ya ce a ƙara, da addu'ar da ya yi da ƙarfi a kan mutumin da ke kallon ƙasa. Shamsu ya daɗe bai shigo layin ba. Da ya shigo, daga kan moto ya ce, "Kai ma dai, Anuhu. Da ka ƙyafta mini ido." Ya ja motonsa ya tafi.

Alhaji bai sake zuwa ba. Aka sa wa mangazar kwaɗo. Daga baya aka ji ya koma Jiratawa, inda ƙanensa ke da fili a lambunan da ake ba ruwa, shi da Hajiya duka. Anuhu ya naɗe rediyon cikin tsumma ya ajiye a ƙarƙashin tebur. Kowace safiya yana ganinsa in ya sunkuya ɗaukar gawayi.

Sai da sanyi ya fara wucewa sannan ya iya. Wata Lahadi bayan an tashi daga majami'a, ya hura wuta a gida, ya buga kafe da madara irin yadda Alhaji yake so a da, ya cika tarmos, ya ɗauki rediyon. Ruhama tana kallonsa, ta miƙo masa jaka. Ya hau kabu-kabu zuwa Jiratawa.

Ya yi tambaya a bakin lambuna aka nuna masa. Ya bi gefen magudanar ruwa, tsakanin fadamun albasa da layukan zogale, har ya hango shi a inuwar mangwaro, zaune a kan buhu, da ƴar shara da wando an naɗe zuwa gwiwa, yana zage ganyen zogale a kan tabarma. Ya rame, ya yi baƙi, ƙafafunsa duk laka. Anuhu ya tsaya daga nesa har sai da ya ji kunyar tsayuwar ta fi ta ƙarasawa.

Ya yi sallama. Alhaji ya ɗago, ya daɗe yana dubansa.

"Bagobiri. Yau ba hutunku ba ne?"

"Shi ne, Alhaji."

"To zauna mana, ka tsaya a kaina kamar mai karɓar haraji."

Anuhu ya tsuguna a bakin tabarma. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gari. Ya fito da rediyon ya ajiye. Alhaji ya kunna, ya ji yana yi, ya kashe. Sannan Anuhu ya zaro tarmos, ya kama murfin zai murɗa.

"Me ke nan?"

"Kafe ne, Alhaji. Da madara."

"Mai da shi jaka."

"Alhaji, don Allah. Na zo ne in ba da..."

"Na ce mai da shi. Ni da kai, wa ya iske wani zaune?"

Hannun Anuhu ya tsaya a kan murfin. Ya mai da tarmos ɗin cikin jaka.

Alhaji ya miƙa hannu bayan itacen ya jawo langa. Ita ce dai, Anuhu ya gane ta da lotsewar murfinta. Ya buɗe: kwaɗon zogale ne da ƙuli-ƙuli da albasa, abincin ranarsa da Hajiya ta haɗa masa. Ya tura ta gaban Anuhu gaba ɗaya, ya ɗora butar ruwa a gefe.

"Kai fa, Alhaji?"

"Ni na koya maka tambayar mai biya ko ya ci? Wanke hannu."

Anuhu ya wanke hannu ya fara ci. Alhaji ya ci gaba da zage ganyensa, ba ya kallonsa.

"Ranar farko," in ji shi can, "da na buɗe baki na ce Shamsu, yau babu, da shi ke nan. Zai yi dariya, ya biya nasa, ƙila ma ya biya nawa. Kalma biyu. Ka riga ni, ni kuma na ji daɗin da ka riga ni. Daga nan kowace safiya sai ta fi ta jiya wuyar faɗi."

"Laifina ne, Alhaji. Ban tambaye ka ba."

"Ba ka tambaye ni ba," in ji Alhaji. Bai ƙara ba, bai kuma rage ba. Ya watsa wani reshe gefe. "Ci. Kada ka rage mini, ba sadaka na roƙa ba."

Anuhu ya cinye tas, ya suɗe hannu, yana sane da cewa mutumin zai wuni a kan ruwa har yamma. Da ya gama, ya buɗe baki ya yi abin da ake yi wa wanda aka iske zaune.

"Allah ya ƙara buɗi, Alhaji."

"Amin," in ji Alhaji Idirisa. Wannan karon a fuska ya dube shi.

Bai ce zai dawo Maraɗi ba, Anuhu kuma bai tambaya ba. Ya raka shi har bakin magudanar ruwa, ya koma wurin ganyensa.

Da Anuhu ya iso gida, Ruhama ta karɓi jakar, ta ɗaga tarmos ta girgiza, ta ji shi cike.

"Bai sha ba?"

"Ni na ci nasa."

Ta dube shi, ta dubi tarmos ɗin. Ta ɗauko kofi biyu ta zuba musu, da sauran ɗuminsa.

Teburin yana nan har yau, ko da yake benci ɗaya ya isa. Mushe Kalibu ya dawo, Shamsu ma yana tsayawa, baƙi yake sha. In wani ya yi sallama ya iske wani zaune, Anuhu yakan riƙe kofunansa ya jira, ba ya cewa komai sai na zaunen ya yi magana. Wani lokaci a ce a buga masa, wani lokaci a ce yau babu. Ƙarshen bencin, wajen gindin bedi, ba a hana kowa zama ba, amma waɗanda suka san wurin sukan matsa gaba kaɗan.